Yadda muka ƙetare gada neman makaɗi

Mu huɗu muka rage a gareji ranar da makaɗinmu ya zo yi mana sallama. Takardar hidimar ƙasa ta fito, an tura shi Kuros Riba. Ya ce ganguna ya bar mana amana har ya dawo, sandunansa kawai zai tafi da su. Muka yi masa addu'a, muka ɗauki hoto, muka raka shi bakin titi. Sai da Keken da ya hau ya sha kwana sannan ɗayanmu ya ce, "To, saura mako biyar fa." Mako biyar ɗin nan na walimar 'yan ajin ƙarshe na tsangayarmu ne. Mun yi alƙawarin yin wasa a wurin, mun karɓi kafin alƙalami, mun kuma kashe shi wajen gyaran amfilifaya. Tun watanni mun san mutumin nan zai tafi, muka zauna sai ranar tafiya za mu fafe gora.

Ga wanda bai san mu ba, wato kusan kowa: mu ɗalibai ne 'yan aji biyu da aji uku a wata jami'a a nan Kaduna. Akwai mawaƙi, da mai jita, da mai fiyano, da mai bes, wato jitar nan mai kaurin murya. Gidajenmu duk a arewacin kogi suke, Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Dosa da Kawo. Garejin gidan su mai bes a Malali shi ne ɗakin atisayenmu tun da aka sayar da tsohuwar motar da ke ciki. Kiɗan rok muke yi da Hausa. In aka ce rok, mutane sukan ɗauka Turawa masu dogon gashi muke kwaikwayo. Muna sauraronsu, ba mu musa ba, amma waɗanda suka sa muka ɗauki jita maƙwabtanmu ne na Nijar, Bombino da Mdou Moctar, Buzayen da suka yi ta wasa a bukukuwan aure a Agadas, yau ga su suna cika zauruka a Amurka da Turai. Ranar da muka ga Mdou Moctar a YouTube da rawaninsa yana kaɗa jita da hagu, muka ce ashe abin nan ba sai mutum ya zama Bature ba.

Dabarar farko da ta zo mana ta malalata ce. Mai fiyano ya ce ai Yamaha ɗinsa cike take da kiɗa, a danna maɓalli kawai ganga ta tashi. Haka ake haɗa yawancin waƙoƙin fim da na biki da muke ji, ko da fiyano ko da kwamfuta. Muka gwada kwana uku. Na'ura ba ta kuskure, wannan gaskiya ne, amma ba ta jin kowa. In mawaƙi ya ja numfashi ba ta jiransa, in mai jita ya ɗau zafi ba ta bin sa. Waƙoƙinmu biyu a hankali suke farawa, su yi ta ƙara wuta har ƙarshe irin na Agadas. Da na'ura sai suka koma kamar sanarwar cigiya a rediyo. A rana ta uku muka fara gane abin da ya sa Led Zeppelin ta Ingila ta watse a 1980 bayan rasuwar makaɗinta John Bonham, maimakon ta nemi wani. Mu dai ba mu da gatan watsewa, da kuɗin mutane a wuyanmu.

Muka rubuta sanarwa, muka sa a WhatsApp, muka liƙa takarda a allon makaranta. Mai jita, wanda ya fi mu son burga, ya kawo misalin Dream Theater ta Amurka: da makaɗinsu Mike Portnoy ya bar su a 2010, makaɗa bakwai suka gayyato, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, suka zaɓi Mike Mangini. Ya ce mu ma haka za mu yi. Su daga faɗin duniya suka tsamo bakwai; mu mutum shida suka amsa, huɗu suka zo. Wayar ɗaukar bidiyon ma a kan kifaffen bokiti muka jingina ta.

Ƙarancin bai ba mu mamaki ba. A ɓangarenmu na gari, ina yaro zai ga cikakkun gangunan zamani, balle a bar shi ya hau? Situdiyo ba su buƙatarsu. Makarantun da ke da badujalar fareti hannu kawai suke koyarwa. A gida kuwa, ka ce wa mahaifinka makaɗi kake son zama ka ji amsa. A kunnen manya da yawa kalmar nan har yau tare take tafiya da roƙo. Inda ake jera gangunan nan, ake buga su kowane mako, ake kuma bai wa yaro ɗan shekara goma dama ya hau, coci ne. Mun san da haka tun kafin mu liƙa takarda, ba mu dai tsaya mun yi tunanin abin da zai biyo baya ba.

Ranar Asabar aka yi gwajin. Na farko tsohon ɗan fareti ne daga Kawo. Hannunsa kamar guduma, sai dai gangunan zamani aikin gaɓoɓi huɗu ne: ƙafar dama na taka babbar ganga, ta hagu na buɗewa da rufe fayafayan ƙarfe guda biyu, hannuwa na rabon sauran. Da aka ce ya sa ƙafa, hannu ya tsaya. Shi da kansa ya yi dariya ya miƙe.

Na biyu ɗan Unguwar Dosa ne, abokin mawaƙinmu tun firamare. A YouTube ya koya, a kan matasan kujera ya yi atisaye, kuma wallahi ya iya abubuwan ɗaukar ido. Yana juya sanda a yatsa, yana zagaye ganguna gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Muka yi ta ihu. Mai bes ne kaɗai bai yi ba, don shi ne ya ji ƙasan waƙar tana zamewa a ƙarƙashinsa.

Na uku ya shigo da kalangu a hammata. Daga wajen Zango yake a Tudun Wada, gidansu gidan kiɗan mahauta ne. Ya ce shi bai taɓa zama kan irin waɗannan ganguna ba, ya dai ga an ce ana neman makaɗi, shi kuma makaɗi ne. Muka ɗan ji kunya a madadinsa, har ya matse tsirkiya ya fara. Kalangun nan da Mamman Shata ya yi shekaru yana waƙa a kansa, muna jin sa a rediyo tun muna yara, amma ba mu taɓa tsayawa taku biyu daga gare shi ba. Magana yake yi, ya hau ya sauka da murya kamar mutum. Da ya gama, kunyar ta dawo kanmu. Muka tambaye shi yadda ake ɗaukar sabon makaɗi a gidansu. Ya ce ba a ɗauka, tashi ake yi a ciki: yaro ya yi ta ɗaukar kaya, ya yi amshi, a ba shi kuntuku ya yi shekaru yana riƙe bugu ɗaya, kafin a yarda ya rataya kalangu. Bai tafi ba, ya nemi gefe ya zauna yana kallo.

Na huɗu ya makara da kusan awa guda. Ya shigo yana ba da haƙuri, wai cunkoso ne a gadar sitadiyam. Ɗan aji biyu ne a wata tsangaya, mun taɓa ganin fuskarsa. Daga Sabon Tasha yake, kuma a cocinsu ya fara kiɗa tun yana ɗan shekara tara. Sandunansa duk sun sha salatif. Abin da ya fara yi ya ba mu haushi: ya ƙi kiɗa. Ya ciro ɗan makulli daga aljihu ya bi gangunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana sassautawa, yana ƙwanƙwasa gefen fata yana kasa kunne. Shekara biyu muna tare da gangunan nan, ba mu san haka muryarsu take ba. Daga nan ya ce mu yi waƙar sau ɗaya babu shi. Muka yi, yana zaune hannu a cinya. Sai ya ce, "A uku kuke jin ta ko a huɗu?"

Muka kalli juna. Bari mu yi wa 'yan'uwa ɗalibai bayanin da shi ya yi mana. Yawancin rok ɗin Turawa ƙirga huɗu ne, babbar ganga a ɗaya da uku, ƙaramar mai tsawa a biyu da huɗu, kai tsaye kamar fareti. Da yawa daga kiɗan ƙasar nan kuwa, da na Agadas, kowane bugu kashi uku ake raba shi, shi ya sa yake rangaji kamar sukuwar doki. Mai jitarmu a uku yake kaɗawa, tsohon makaɗinmu a huɗu yake bin sa, mu kuma muna ta mamakin abin da ya sa waƙar ke ɗingishi. Ɗan Sabon Tasha ya ce shi a kan uku ya tashi, don mahaifiyarsa 'yar Zumuntar Mata ce, tun yana goye yake jin tulunan kiɗa da caki da waƙoƙin Hausa.

Ya ƙirga, muka shiga. Bai juya sanda ba, bai zagaye ganguna ba. Abu kaɗan ya buga, amma kowane bugu ya faɗi inda ya dace. Da mawaƙi ya ja numfashi ya jira shi. Da muka zo wurin ƙara wuta, shi ya ɗauke mu, a hankali, ba mu san lokacin da muka fara gudu ba. Da aka gama babu wanda ya yi ihu. Mai kalangu ya miƙe ya rataya kayansa, a bakin ƙofa ya ce da mai bes, "Malam, wancan na ƙarshen shi ne makaɗi. Kun ga sai da ya saurara."

Da daddare muka zauna teburin mai shayi don yanke shawara, kuma wannan zaman shi ne dalilin rubutun nan. Wani ya ce ɗan Sabon Tasha ya iya, amma nisa. Kun ga ma yau ya makara. Wani ya ce ranar Lahadi ba za mu same shi ba. Wani ya ce in atisaye ya kai dare fa, wa zai ɗauki alhakin komawarsa? Sai wani ya kawo wadda ta rufe bakin kowa: gidan mutane muke atisaye, ba mu san yadda Abban mai bes zai ji ba in baƙo daga hayi yana shiga masa gida sau biyu a mako. Ba za mu faɗi wanda ya faɗi wacce ba, mun yi alƙawari, kuma mai riƙe da alƙalamin nan ma bai fita ba. Babu wanda ya ambaci addini ko ƙabila a teburin nan. Kowa ya san abin da ake nufi.

Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san kogin nan ya wuce ruwa kawai. Bayan rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo zaɓen Afrilun 2011, mutane da yawa sun kwashe kaya sun koma inda suke ganin nasu sun fi yawa, Musulmi galibi arewa, Kiristoci galibi kudu. Biyun farko ba a haife mu ba. Na 2011 muna ƙanana, abin da muke iya tunawa dokar hana fita ce da zaman gida babu makaranta. Ba mu ga komai da idonmu ba, amma mun gaji taswirar. A aji muna zama benci ɗaya da 'yan Barnawa da Narayi da Kakuri, muna aron littafi, muna musun ƙwallo. Ƙarfe huɗu na yi kowa ya nufi ɓangarensa.

Muka zaɓi ɗan Unguwar Dosa. Muka ce ai zai gyaru, ga shi kusa, ga shi namu. Wancan kuwa muka tura masa saƙo mai ladabi cewa mun gode, za mu neme shi. Ya amsa da kalma biyu: "Ba komai."

Mako biyu muka yi muna lallaɓawa. Yaron nan ya yi ƙoƙari, ba za mu ci amanarsa ba. Bai taɓa fashi ba, shi yake fara zuwa, har man janareta ya taɓa saya da kuɗinsa. Amma riƙe bugu ba a koyon sa a mako biyu. Muka samu ɗan ƙaramin wasa a bikin zagayowar haihuwar ƙanwar wani abokinmu a Unguwar Rimi, muka ce bari mu gwada kafin babbar rana. Waƙar farko lafiya. A ta biyu, da ya ga 'yan mata sun ɗaga wayoyi, sai ya fara zagaye ganguna, kuma duk zagaye ɗaya sai ya dawo da sauri fiye da yadda ya tafi. Mawaƙi ya fara haɗiye kalmomi. Mai bes ya daina kaɗawa ya tsaya yana kallonsa. Da muka koma gida muka auna bidiyon da manhajar ƙirga bugu: mun fara a 96 a minti, mun ƙare a 128, a waƙar da ba ta cikin masu ƙara wuta. Masu biki sun tafa, don mutanen kirki ne.

Saura mako uku. A nan muka yi laifi na biyu. Akwai labarin da duk mai bin tarihin rok ya sani: a Agustan 1962 Beatles suka sallami makaɗinsu Pete Best suka ɗauko Ringo Starr, kuma ba su iya gaya masa da bakinsu ba, manajansu Brian Epstein suka bar wa aikin. Mun sha zagin su a kan wannan a garejin nan. Da abin ya zo kanmu, muka ce ai mawaƙi ne abokinsa, shi ya fi dacewa ya je. Muka tura shi shi kaɗai, mu ukun muka kashe waya. Abin da suka yi magana a kai bai gaya mana duka ba. Ya dai ce yaron ya tambaye shi, in mun san bai iya ba, me ya sa muka ɗauke shi tun farko? Har yau in mun haɗu a hanya yakan amsa sallama, iyakarta ke nan. Abota ce ta shekara goma sha biyar muka taɓa, kuma ba shi ya jawo ba.

Da muka kira ɗan Sabon Tasha, ya ce maganar ba ta waya ba ce, in muna son sa mu zo gida. A cikin mu huɗu, mutum biyu ba su taɓa taka Sabon Tasha ba. Ɗaya daga cikinsu ya je Kano, ya je Abuja, har Umara ya yi da iyayensa. Muka hau mota ranar Asabar da hantsi, muka wuce sitadiyam ɗin Ahmadu Bello, muka hau gada, muka zagaye shataletalen tashar jirgin ƙasa, muka miƙe titin Kachia. Babu wanda ya yi magana a motar. Abin dariya, abin da muka tarar a can shi ne abin da muka baro: masu cajin waya, masu gasa masara, 'yan Keke na faɗa da fasinja a kan canji, kuma rabin cinikin da Hausa ake yin sa.

Mahaifiyarsa ce ta tarbe mu. "Sannunku da zuwa, 'ya'yana, ku shigo daga ciki." Ta kawo kunun zaƙi mai sanyi. Hausarta ta fi ta wasunmu, mu da muke cusa Turanci a kowace jimla. Ta tambayi unguwar kowa. Da mawaƙi ya ce Unguwar Dosa, sai ta ajiye jug ɗin. Ta ce a can ta yi amarci, a can ta haifi ɗanta na fari, sun tashi a Fabrairun 2000. Ta ambaci wani layi, ta ce ko har yanzu ana waina a bakinsa? Mawaƙi ya ce ana yi, Mama, sai dai tsohuwar ta rasu, 'yarta ce ke yi yanzu. Ta ce Allah ya ji ƙanta, ta tashi ta shiga ciki. Ba ta ƙara komai a kan wannan ba, mu ma ba mu tambaya ba.

A ɗakinsa akwai hoton Tony Allen, wanda ya yi wa Fela Kuti kiɗa daga 1964 zuwa 1979, ya rasu a Faris a 2020. Ya ce mu lura da bidiyoyinsa, mutumin nan ba ya dukan ganga da ƙarfi, shafa ta yake yi. Muka yi ta kewaye-kewaye, har mai fiyano ya daure ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Ranar nan na san na yi. Da saƙonku ya shigo na ce wa Mama, sun duba inda nake kwana ne." Babu wanda ya musa.

Ya ce zai zo, bisa sharaɗi. Atisaye biyu muke yi a mako. Ɗaya a Malali, ɗaya a hayinsu. Akwai wani ɗaki a Barnawa da ake haya da awa, da ganguna a ciki. Kuɗin mota da na ɗaki daga asusun ƙungiya za su fita, ba daga aljihun wanda ya yi tafiya ba. Ya ce shi kullum sai ya ƙetare gadar nan don zuwa lacca, bai ga dalilin da zai sa wahalarta ta zama tasa shi kaɗai ba. Mama kuma ta leƙo da nata sharaɗin: duk inda ake, magariba ta yi masa a wannan hayin. Ta ce, "Yadda iyayenku za su ji in sun san kuna nan yanzu, haka nake ji in yana can." Uku daga cikinmu ba su gaya wa kowa a gida inda za su ba, kuma da alama ta gane.

Muka tsayar da Laraba da Asabar. Juma'a tamu ce, Lahadi tasa. In an kira la'asar mukan ajiye kaya mu yi alwala, shi kuma ya ciro makullinsa ya koma kan fatun nan da ba ya gajiya da su. Biyar da rabi an tashi, ko waƙa ta zauna ko ba ta zauna ba. Sai ga shi taƙaitaccen lokacin ya gyara mu. Da can mukan ci awa guda a hira kafin a jona jita.

Saura matsala ɗaya. Walima da daddare ake yi, ba za a tashi kafin goma ba, kuma ranar Asabar ce. Dole ya kwana a arewa. Ba yadda muka iya, muka tunkari Abban mai bes, mutumin da muka fake da shi a teburin mai shayi ba tare da mun taɓa tambayarsa ba. Mai bes ya durƙusa ya yi bayani tun daga farko, har da fakewar. Abba ya cire tabarau ya ce, "Au, da sunana kuka yi wannan aikin?" Sai ya tambaye mu ko mun san Bala Miller. Babu wanda ya sani, mu da muke iya lissafo makaɗan Ingila da Amurka da shekarunsu.

Ya ce Bala Miller ɗan gidan Hausawan Zariya ne Kiristoci, wanda ya kafa babbar ƙungiyar kiɗa mai suna Pirameeds a garin nan a ƙarshen shekarun 1970, da jita da ƙahonni da ganguna, yana wasa a Costain Club, yana waƙa da Hausa. A shekarun 1980 yana da shiri nasa a talabijin na NTA, kuma Abba ya ce gidansu kaf ake zama kallo, har da kakarsu. Ya ambaci waƙarsa Ikon Allah, ya ce mu nemo ta mu ji. Mutumin ya rasu a 2003, kafin a haifi yawancinmu. Kabala Costain kuwa muna wucewa ta gefenta kullum, ba mu taɓa sanin an yi irin wannan a wurin ba. Abba ya ce a gyara wa yaro ɗakin baƙi, a kuma ba shi lambar mahaifiyarsa, Umma za ta kira ta.

Walimar ba za mu cika ku da labarinta ba. Lasifika ɗaya ta yi ta ƙara, mawaƙi ya manta baiti guda ya maimaita na baya, babu wanda ya lura. Waƙoƙi biyar muka yi. A ta ƙarshe muka kira mai kalangun Tudun Wada, wanda muka nemo muka biya shi kasonsa daidai da na kowa. Shi da ɗan Sabon Tasha atisaye ɗaya tak suka yi tare, suka yi ta jifan juna da bugu har mutane suka bar abinci suka miƙe. Mawaƙi ya ce ya hango abokinsa na Unguwar Dosa a can baya kusa da ƙofa. Da muka sauko muka duba, ba ya nan.

A daren, Mama ta kira Umma sau uku. Kiran farko na tambayar ko an tashi ne, na biyu ko sun iso gida. Na ukun ya kai minti arba'in, muna jiyo Umma daga falo tana dariya tana ambaton sunayen layukan Unguwar Dosa.

Da asuba, bayan mun dawo masallaci, muka tarar ya riga ya yi wanka ya sa farar riga, sanduna a hannu. Ƙarfe bakwai ake fara sujada ta farko a cocinsu, kuma shi ne a kan ganguna. Abba ya miƙo wa mai bes makullin mota, abin da bai taɓa yi ba, ya ce a tafi a hankali. Mu biyar muka cusa kanmu ciki. Shida da rabi muna kan gada, titi fayau, hazo kwance a kan ruwa. Shi yana gaba yana buga cinyarsa a uku, yana tambayar mai jita ko ranar Laraba a Malali ne ko a Barnawa. Mai jita ya ce Barnawa, juyinmu ne.